Gani Ya Kori Barci

A wani gidan rediyo mai zaman kansa cikin birnin Damagaram akwai wani ƙaramin ɗaki a bayan ɗakin watsa shirye-shirye, mai taga ɗaya da tsohuwar fanka wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. A nan ne wani ɗan jarida, magidanci mai ƴaƴa uku, ya shafe shekaru yana wani aiki wanda ba a rubuta cikin takardar ɗaukarsa aiki ba, masu sauraro kuma ba su san ana yin sa ba. Shi ne mai duba hotuna da bidiyon da jama'a ke turowa ta salula. Ba wanda ya naɗa shi. Ya fi abokan aikinsa sanin kwamfuta, shi ke nan sai aikin ya zama nasa.

Mai karatu na iya tambaya: me ya haɗa rediyo da hoto, alhali kunne take yi wa hidima? To, tun da WhatsApp ya shiga hannun kowa, labarin mutuwa ya daina jiran ɗan aike. Kafin hukuma ta fitar da sanarwa, kafin wakili ya samu layin waya zuwa ƙauyen da abin ya auku, hotunan gawarwaki sun riga sun zagaya fadodin shayi da tashoshin ƴan kabu-kabu. Daga nan sai masu sauraro su yi ta bugo waya suna cewa ai mun gani da idonmu, don me kuka yi shiru? Ke nan tilas wani ya zauna ya duba, ya tantance ko abin da aka turo na jiya ne ko na shekara goma da suka wuce, na Tilaberi ne ko na wata ƙasa da ba ta ma yi iyaka da Nijar ba.

Shekarun da aikin ya fi yi masa nauyi ba ɓoyayyu ba ne ga duk ɗan ƙasar nan. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe soja 71 a Inates. Ba a yi wata guda cikakke ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Cinagodar. A watan Agusta na wannan shekara aka hallaka mutum 8 a dajin Kure, wurin raƙuman dawa, kuma hotunan gawarwakinsu suka bazu cikin wayoyi tun kafin labari ya isa ga wasu daga cikin danginsu. Ranar 21 ga Maris 2021 kuwa, a yankin Tilliya na jihar Tawa, aka kashe farar hula 137 a yini ɗaya. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ranaku wayarsa takan cika maƙil. Wasu hotunan na gaskiya ne, wasu tsofaffi ne aka sake musu suna, kuma babu hanyar rarrabe su sai ta kallo.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan kallo, domin ya sha bamban da na mai wucewa. Mutumin da bidiyon kisa ya faɗo wa a waya yakan kalla sau ɗaya, ya yi salati, ya kau da kai. Shi kuwa mai tantancewa a nan aikinsa ke farawa. Yakan mayar da bidiyon baya sau goma, sau ashirin. Yakan tsayar da shi daidai inda kowa ke runtse ido, ya ƙara girman hoton, ya dubi launin ƙasa, ya dubi itatuwa ko gawo ne ko aduwa, ya dubi lambar mota da irin kakin da ke jikin masu bindiga, ya dubi tsawon inuwa don ya ƙiyasta lokaci. Sa'an nan ya sa abin ji a kunne ya saurara, domin a wannan yanki namu harshe ne babban shaida. Zabarmanci ake yi ko Fulatanci? Buzanci ne ko Barbarci? In Hausa ce, ta Adar ce ko ta Katsina? Wato sai ya kasa kunne ga roƙon mutumin da ake shirin kashewa, ya yi ta maimaita shi, yana neman karin harshe cikin kukansa.

Wannan wahala tana da dalili, kuma dalilin mai ƙarfi ne. A watan Yuli 2018 wani bidiyo ya zagaya duniya yana nuna mutane cikin kakin soja sun harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara da cewa ƙarya ce. Masu bincike na sashen Africa Eye na BBC, tare da wasu masu sa kai, suka zauna suka yi ta kallon bidiyon har suka gane layin duwatsun da ke bayansa, suka nuna cewa a kusa da ƙauyen Zelevet na Arewa Mai Nisa abin ya faru, a shekarar 2015, suka kuma gano irin bindigogin da waɗanda suka riƙe su. A 2020 kotun soja ta yanke wa soja huɗu ɗaurin shekara goma-goma. Da kowa ya kau da kai, da jinin matan nan ya tafi a banza. Akwai kuma ɗaya fuskar. A rikicin jihar Filato ta Nijeriya na watan Yuni 2018 an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na kisan da ake yi a lokacin ne, alhali wani daga ciki an ɗauke shi ne a Kwango Barazabil tun 2012, kuma ƴan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya. Mai tantancewa yana tsaye ne tsakanin waɗannan haɗurra biyu, na binne gaskiya da na yaɗa ƙarya mai zubar da jini.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga mutumin nan na Damagaram, gani ya kori barci. Abin ya fara a hankali, har bai lura ba. Yakan kwanta, da ya rufe ido sai wani hoto ya tsaya masa cak, kamar yadda yake tsayar da shi a kwamfuta. Ya daina bin layin mahauta in ya shiga kasuwa. Fushi ya yi masa yawa, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana da dare ƙaramar ƴarsa ta fashe da kuka cikin barci, sai ya tsinci kansa a tsakar gida tsaye, jikinsa na rawa, gumi ya jiƙe masa riga, domin kukan ya yi daidai da wani da ya saurara sau da yawa cikin makon. Da Sallar Layya ta 2021 ta zo, aka kayar da rago, aka miƙa masa wuƙa kamar yadda aka saba kowace shekara, sai hannunsa ya ƙi. Ya ce wa maƙwabcinsa ya yanka masa, wai yatsansa ke ciwo, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa har aka gama fiɗa.

Bai gaya wa kowa ba, kuma dalilinsa sananne ne. Da wane baki zai ce yana wahala? Yana zaune cikin inuwa, ƙarƙashin fanka, nisan ɗaruruwan kilomita daga inda ake harbi. Abokan aikinsa na Diffa sun kwana cikin ƙarar bindiga tun harin Boso na Fabrairu 2015. Waɗanda ke cikin hotunan sun rasa rayukansu, iyalansu sun rasa kome. In ya buɗe baki, amsar da zai samu ya san ta: kai ba namiji ba ne? Tarbiyyarmu ta ɗaukaka dauriya, kuma da gaskiyarta, domin da ita aka ƙetare fari da yunwa. Sai dai ita dauriyar nan takan hana mutum ya kira ciwo da sunansa, musamman ciwon da ba ya kumbura, ba ya zubar da jini. Ga kuma tsoron kalma ɗaya, taɓin hankali, wadda in ta manne wa magidanci sai ta bi shi har ranar da za a nemi auren ƴaƴansa. A Yamai in aka ce an kai wane Pavillon E, kowa ya san abin da ake nufi, kuma ba wanda ke son a faɗi haka a kansa.

Alhali kuwa abin da ya same shi masana sun daɗe da saninsa. Wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Toronto a ƙasar Kanada, Anthony Feinstein, ya wallafa bincike a 2002 kan ƴan jarida 140 masu ɗauko labarin yaƙi, ya samu cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa fama da ciwon firgitar da ke biyo bayan bala'i. Wannan bai ba kowa mamaki ba, tun da sun je fagen daga. A 2014 sai ya juya ga waɗanda ba su taɓa barin ofis ba, ƴan jarida 116 masu duba hotunan da jama'a ke aikowa, ya tarar su ma suna fama da damuwa da ƙunci da firgita. Abin lura cikin sakamakon shi ne, yawan maimaita kallo kullum-kullum ya fi tsawon zaman kallo ɗaya illa. Shekara guda kafin haka, a 2013, babban littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke tantance cututtuka da shi ya amince cewa wanda aikinsa ya tilasta masa yawan kallon bala'i ta na'ura yana iya kamuwa da wannan ciwo kamar wanda ya halarci wurin. Wani binciken da aka yi bayan harin bam na gasar gudu a birnin Boston a 2013 ya nuna cewa waɗanda suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a yini sun fi nuna alamun firgita a kan wasu da ke wurin lokacin da bam ɗin ya tashi. Jiki ba ya tambayar nisan kilomita. In ido ya gani, kunne ya ji, zuciya takan buga kamar mutum na wurin, sai dai shi mai kallo ba shi da inda zai gudu, ba shi da wanda zai ceta, yana zaune kan kujera jikinsa na shirin gudun da ba za a yi ba.

Wadda ta fara gane halin da yake ciki ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin masanan nan ba. Mahaifiyarsa ce, tsohuwa wadda ta yi shekaru tana wankan gawar mata a unguwarsu. Ba ta kiran sunansa, saboda ɗan fari ne. Bayan Sallar da kwana biyu ta aika aka kira shi, ta dube shi ta ce, “Kai, yatsanka lafiya lau yake. Me kake gani a wurin aikin nan?” Ya yi shiru, daga baya ya ce, “Inna, matattu nake gani.” Ta tambaye shi sau nawa. Ya ce kullum, wani ma yakan gan shi sau ashirin. Tsohuwa ta jima ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, “Mu sau ɗaya muke gani, mu rufe, mu yi wanka, mu fito a yi mana sannu. Kai wa ya taɓa yi maka sannu?”

Maganar tsohuwar nan ta cancanci a juya ta da kyau, domin a cikinta akwai ilimin da al'ummarmu ta tara tun kafin a ƙera na'urar ɗaukar hoto. Bahaushe bai taɓa ɗaukar ganin gawa abin wasa ba. An kewaye shi da ƙa'idoji. Ba kowa ke shiga wurin wanka ba, sai mutum biyu ko uku amintattu, a bayan zana ko labule. Ko a can ciki ba a yaye mamaci gaba ɗaya. Abin da mai wanka ya gani ba ya fita da shi. In an gama a sa likkafani, a gaggauta kai shi makwancinsa, a dawo a zauna makoki, inda ake raba nauyin baƙin ciki tsakanin mutane da yawa har kwana uku, har bakwai, har arba'in. Galibi ana fassara waɗannan ƙa'idoji da cewa mutuncin mamaci suke karewa, kuma haka ne, shi ya sa ake kiran jana'iza sutura. Amma duk wanda ya duba da kyau zai ga suna kare mai rai ma. Sun taƙaita yawan masu gani, sun taƙaita abin da za a gani da tsawon ganin, sun sa wa aikin mafari da ƙarshe, sun kuma tanadi jama'ar da za ta karɓi mai aikin in ya fito. Salula ta zo ta yaye zanar. Mamacin Tilliya ba ya samun sutura cikin waya, kullum aka taɓa sai ya sake mutuwa. Ɗan jaridar da ke duba shi ya gaji aikin mai wankan gawa ba tare da ya gaji ko ɗaya daga cikin kariyarsa ba.

Abin sha'awa shi ne, shawarwarin da ƙwararru suka tsara wa ɗakunan labarai sun yi kama da ƙa'idojin tsohuwar. Cibiyar Dart, wadda ta yi shekaru a jami'ar Kolombiya ta Amurka tana nazarin aikin jarida da firgita, ta kwatanta irin waɗannan hotuna da hasken na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti: kaɗan ba ya kisa, amma yana taruwa a jiki, don haka ma'aikaci ke auna abin da ya ɗauka. Wani rahoto na 2015 na ƙungiyar Eyewitness Media Hub, wanda ya tattara bayanan ƴan jarida da ma'aikatan kare haƙƙin ɗan Adam da na agaji, ya nuna abubuwan da suka fi cutarwa: hoton da ya faɗo wa mutum ba shiri, maimaita kallo, sauti musamman na kuka da roƙo, da kuma abin da ya tuna wa mai kallo da nasa iyali.

Da ya samu ƙarfin zuciya ya tunkari shugaban sashen labarai, wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin faifan zare, bai yi masa dogon bayani ba. Ya ce, “Malam, aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.” Dattijon ya yi tsammanin ƙarin albashi yake nema. Sai da ya zaunar da shi gaban kwamfuta, ya buɗe masa ɗaya daga cikin bidiyon, bai kai minti guda ba dattijon ya ɗaga hannu ya ce a kashe.

Gyaran da suka yi bai ci ko dala ba. Aka raba aikin tsakanin mutum uku, kowa da ranakunsa. Aka hana tura wa abokin aiki hoto ba gargaɗi, sai an rubuta abin da ke ciki tukuna. Aka kashe saitin da ke sa hotuna su sauka cikin waya da kansu, aka ware salula ɗaya ta aiki wadda ke kwana cikin aljihun tebur, ba ta zuwa gida. Shi kansa ya koyi rage girman hoton, ya rage haske da launi, ya sa ƴar takarda ya rufe sashen da ba ya bukata, tun da mai neman lambar mota ba shi da aiki da fuskar mamaci. Ya riƙa rubuta abin da ya gani tun a kallon farko don kada ya koma ba dalili. Ya daina kallo bayan la'asar. Sauti ne ya gagara. Ƙwararru sun ce a kashe shi, amma wanda hujjarsa ke cikin karin harshe ba zai iya ba. Abin da ya samu ya yi shi ne raba su: ya kalli hoto ba sauti, sa'an nan ya juya wa kwamfuta baya ya saurari sauti ba hoto, sau ɗaya ko biyu, ya tashi ya fita waje ya sha iska.

Kada a ɗauka wannan ya warkar da shi sarai. Dabarun nan suna rage abin da ke shiga, ba sa fitar da wanda ya riga ya shiga. Ya ɗauki watanni kafin ya yarda ya ga wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ma da dare ya je don kada a gan shi. Ya yi sa'a ya samu, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a nahiyar Afirka ma'aikatan wannan fanni ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000. Bai bar addu'a da rubutun shan da mahaifiyarsa ke aiko masa ba, likitan kuma bai ce ya bari ba. Mafi yawan gidajen rediyonmu masu zaman kansu da ƙyar suke biyan albashi a kan kari, balle a yi zancen ɗaukar nauyin jinya. Ko kamfanonin da suka fi kowa kuɗi sai da aka kai su kotu. A 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 ta Amurka ga masu tace masa hotuna a can ƙasar. A Nairobi ta Kenya kuma, masu irin wannan aiki fiye da 180, cikinsu har da masu tace abin da ake wallafawa da Hausa, sun shigar da ƙara a 2023, kuma a ƙarshen 2024 rahoton likita da aka gabatar wa kotu ya ce fiye da 140 daga cikinsu na ɗauke da ciwon firgita. In haka ta faru ga masu yi wa manyan kamfanonin duniya aiki, sai a auna halin wakilin rediyon ƙauye wanda ko kuɗin man babur sai ya yi rance.

Malaman makaranta ma abin ya shafe su, ko da ba su nema ba. Bidiyon da ɗan jarida ke kallo da takarda a rufe da rabin hoto, shi ne ɗalibi ɗan shekara goma sha uku ke kallo ɓaro-ɓaro a bayan aji lokacin hutun tara, abokansa sun kewaye shi suna dariyar ƙarfin hali. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Yaron da ya saba ganin yankan mutum kafin ya mallaki hankalinsa, ko dai abin ya hana shi barci, ko kuma ya daina damunsa gaba ɗaya, kuma na biyun ya fi ban tsoro. Wani shugaban makaranta da ya ji labarin mutumin nan ya gayyace shi ya yi wa ɗalibai magana kan labaran ƙarya. Ya je, ya koya musu yadda ake gane tsohon hoto, amma rabin lokacin ya ƙare ne a kan tambaya ɗaya da ya yi musu: in gawar mahaifin ɗayanku ce, wa zai so a tura ta? Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta tambaya yadda ake kashe saitin saukar hotuna, ya karɓi wayar malaminsu ya nuna musu.

Har yanzu yana wannan aiki, ranar Litinin da Alhamis. Barci ya dawo, ko da yake akwai dararen da yakan ƙi zuwa, musamman in an kai wani sabon hari. A Layyar da ta wuce bai karɓi wuƙa ba, amma bai shiga ɗaki ba. Ya durƙusa ya riƙe ƙafafun ragon, ya kafa idonsa a kan katanga har maƙwabcinsa ya gama, sa'an nan ya tashi ya taya yara kafa itacen gashi. Da yamma wani abokinsa ya zo barka da Salla, ya zaro waya ya ce akwai wani bidiyo da ya shigo daga yamma, ko zai duba masa in gaskiya ne. Ya ce masa ya tura lambar ofis, gobe ranar abokin aikinsa ce, ya miƙa masa tsinken hanta.